Ni Na Yanke wa Kajin Goggo Baki

Assalamu alaikum, Malam Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, ina jin mutane suna tona asirin kansu, ni kuwa ina zaune da nawa a ciki kamar ban taɓa aikata komai ba. Yau na ce bari in sauke. Na san wani zai ce tsohon nan ya rasa abin nadama sai kaji. To, ya daure ya kai ƙarshe.

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, ni matashi ne, sabon malamin firamare a Tambuwal, da farin wando da agogo da keke, da kai wanda ya fi hulata girma. Lokacin nan duk wanda ya iya Turanci ji yake shi anka danƙa wa Jihar Arewa ya gyara. Ban daɗe da aure ba, maiɗakina tana da ƙaramin ciki. Ni maraya ne. Ƙanwar mahaifina, wadda nake kira Goggo, ita ta riƙe ni a Kebbe tun ina shekara fuɗu har na tafi makaranta. Goggo ba ta da gona mai yawa, ba ta da shanu, amma tana da kaji wake-wake waɗanda asalinsu daga wajen mahaifiyarta ta gaje su. Kuma tana da wata al'ada da kowa ya san ta da ita: duk jaririn da anka haifa a danginmu, ran suna sai ta zo da sagara, wato budurwar kaza, daga jinin kajin nan, ta ce ta jariri ce. Kazar ta yi 'ya'ya, a juya su zuwa akuya, yaro ya tashi da abin kansa. Ni ma akwatin da na tafi makarantar midil da shi daga kazata ya fito. Da ta ji labarin cikin maiɗakina, sai ta aiko mini cewa ta riga ta sa ido a kan wadda za ta kawo.

Ina da aboki malamin gona, shi ya fara nuna mini wata 'yar takarda ta Turanci mai hotunan kaji farare jere cikin keji, kowace da ƙwai a gabanta. Na karanta ta har na haddace. Na sa kafinta ya haɗa mini keji na katako da ragar waya, hawa biyu, na aza shi a bayan gida ƙarƙashin rumfar kwano, na samo kajin Turawa na zuba. Kowace kaza wurin tsayuwarta bai wuce faɗin faifai ba. Sunka fara ƙwai kuwa, ba ƙarya. Malamai 'yan'uwana da akawunan En'e, wato hukumar gargajiya, sunka riƙa zuwa kallo da la'asar, ni kuma ina tsaye da hannu a aljihu ina yi musu lacca, wai kazar da ke yawo ƙarfinta a ƙafa yake ƙarewa, wadda anka tsare kuwa nata ƙwai yake zama. Daga nan sai wani tunani ya shige ni: in na nuna cewa kajinmu na gida ma in an tsare su za su yi haka, ai na zama mai wayar da kan ƙasa. Kuma duk yankin ban san kaji masu lafiya da kyau kamar na Goggo ba.

Na hau lorin kasuwa na tafi Kebbe. Kwana biyu ina kan Goggo ta ba ni aron kajinta. Ta ce mini kajinta ba su san ɗaki ba sai na kwana, da gari ya waye sai gindin rumbu da bakin juji. Na ce shi ya sa ba su da auki. Ta ce ita ba ta taɓa kai ƙararsu ba. Na ce wata uku kaɗai, zan maido mata su sun yi ƙiba, kuma sunanta za a riƙa faɗa. Ba sunan ya ja ta ba, na sani, ni ne ba ta iya hana wa abu. Ta kama su da hannunta ta sa mini a kwando, duka, har da sagarar da ta ware wa jaririna, ta bar zakara kaɗai. Ta ce amana ce. Ta roƙe ni abu biyu: in riƙa sakinsu da hantsi su miƙe ƙafa, kuma in zuba musu toka ko ƙasa mai laushi su yi birgima, don wankansu ke nan. Na ce to. Da lori ya tashi na yi dariya a raina, wai wankan kaza.

Ban sake su ba ko sau ɗaya. Na cusa su cikin kejin tare da fararen. Kwanakin farko sun riƙa dukan waya da fiffike har gashinsu ya zube, suna kai da komowa a wurin da bai isa juyawa ba, suna tonon ragar waya da ƙafa kamar za su samu ƙasa a ƙarƙashi. Wadda ta so kwanci na kwashe ƙwan na tsoma ta a ruwan randa don ta manta. Da bazara ta kama, kwanon nan ya riƙa zuba musu wuta, ka gan su baki buɗe suna haki. Sai sunka fara saran juna. Ka zo da safe ka tarar an huda wa wata baya, jini ya bushe a waya, saura sun taru a kanta. Maiɗakina ta ce mini, Malam, bayin Allah nan ƙunci ne ya dame su, a buɗe musu. Na ce mata ta tsaya ga tukunyarta, wannan ilimi ne.

Takardar nan ta ce in kaji suna saran juna a rage musu tsinin baki. Abokina malamin gona ya gargaɗe ni cewa ɗan kaɗan ake shafcewa, kuma tun suna 'yan tsaki, ya ce in jira ya dawo daga rangadi ya duba. Ban jira ba. Ranar wata Asabar bayan an tashi makaranta na hura gawayi, na sa wuƙa a wuta har ta yi ja, na riƙa kamo su ɗai-ɗai ina matsewa tsakanin gwiwoyina ina datsewa. Na Goggo sun fi faɗa, don haka su na fi zurfafa wa, wata har kusa da hanci. Wallahi, Malam Edita, har yau in ana babbakar kai da ƙafa na ji ƙaurin nan, wannan Asabar nake tunawa. Ban ji tausayi ba a lokacin, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Alfahari na ji, na wanke hannu na ci tuwo.

Saran ya tsaya, amma cin abinci ma ya tsaya. Sunka rame, wata cuta mai sa su gyangyaɗi ta shigo, da yake a cunkushe suke ta bi su kamar wutar kara. Farare sunka ƙare. Masu zuwa kallo sunka daina zuwa. Na Goggo uku sunka rage, cikinsu har da sagarar nan.

Na maida su Kebbe da dabara. Na lissafa in isa dab da tashin lorin komawa, in ajiye kwando in ce sauri nake. Amma Goggo ta rantse sai na sha fura. Ina zaune a kan tabarma ta buɗe kwandon, ta leƙa, ta tambaye ni ina saura. Na ce annoba ce, ta taɓa ko'ina. Ta yi salati ta ce haka Allah ya so. Sai ta shiga ɗaki ta ɗebo gero a tafin hannu, ta watsa a tsakar gida, ta yi musu kiran da ta saba. Sunka gane muryarta. Sunka taho suna tangaɗi, don ƙafafunsu sun manta tafiya, sunka duƙa a kan geron. Suna sara, suna sara, ba abin da ke hawa. Ƙwaya ta gangara nan, su bi ta, su sake sara, bakin ya bugi ƙasa ya dawo wayam. Matan maƙwabta biyu da sunka shigo gaishe ni suna tsaye suna kallo. Goggo ta durƙusa ta ɗauki sagarar, ta ɗaga kanta ta duba, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tambaye ni, a hankali, ko mene ne wannan. Na ce magani ne na zamani. Ta tambaya ko zai tsiro. Na dubi matar da ta goya ni, na ce mata sati biyu zai dawo yadda yake. Na sani sarai ba zai dawo ba. Na ajiye furar ban shanye ba na ce lori zai bar ni.

Wata biyar ban taka Kebbe ba. In an ce wani ya zo daga can sai in ɓuya a makaranta da sunan gyaran littattafan yara. Da haihuwa ta matso, abin da ke cina shi ne ɗana zai zama na farko a danginmu da ba a kawo wa kazar Goggo ba, kuma kowa zai san dalili. Allah ya sauki maiɗakina lafiya, mace. Ran suna da hantsi, gida cike da mata, sai ga Goggo ta sauko daga lori da ɗan kwando a ka. Anka ce tana kirana cikin gida. Na shiga gaban mata da surukaina, ta buɗe kwandon ta fiddo sagarar nan, da ranta, ta yi ƙiba, gashinta yana sheƙi, bakin nan kuwa dungulmi kamar ranar da na yanke shi. Ta shafa ta a ƙafar jaririya kamar yadda takan yi, ta ce ta ɗiyata ce. Sauran biyun sun mutu, ta ce, wannan ce ta yarda ta ci daga hannunta. Sannan ta miƙo mini wani ɗan ƙoƙo mai zurfi, ta ce a ciki take ci, a jiƙa dusa ta yi taushi, a cika shi sosai don ta iya nutsa baki, safe da maraice, kuma a riƙa cire mata ƙwarƙwata da hannu don ba ta iya gyara gashinta. Ta ce tana ta duban sati biyun nan har yau ba su cika ba, wataƙila a Tambuwal za su cika. Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni gaban jama'a da ya fi mini sauƙi.

Na karɓi ƙoƙon. Ban bar wa maiɗakina aikin ba, ni na riƙa yi, kafin in tafi makaranta da bayan la'asar, malam guda tsugune da farin wando yana riƙe wa kaza ƙoƙo. Kejin na farfasa anka yi girki da katakon. Da damina ta faɗi, kazar ta bi zakaran maƙwabta, ta yi ƙwai a bayan randa, ta kwanta, ban taɓa mata ko ɗaya ba. Ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki, wake-wake kamar uwarsu, kowanne da bakinsa cikakke. Na yi murna, amma akwai abin da na gani wanda ya hana murnar zama. Takan kai su gindin katanga ta tona ƙasa, gara ta fito, ta kira su, ta duƙa za ta ɗauko ta ajiye musu kamar yadda kowace uwa ke yi, sai bakin ya kuskure. Ta sake, ya kuskure. 'Ya'yan su cinye garar, ita ta koma gefe ta jira ƙoƙona. Tun ina makarantar allo na san labarin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ni da bakina na sha karanta wa yara shi. Sai a gindin katangar nan na gane da ni ake.

Da 'yan tsakin sunka girma na zaɓi sagara biyu da ɗan zakara na kai wa Goggo Kebbe. Na yi sallama na durƙusa na gaishe ta. Ta jawo kwandon, ta fiddo su ɗai-ɗai, ta ɗaga kan kowanne ta duba bakinsa. Sai da ta gama da na ukun sannan ta ce mini sannu da zuwa. Matar da a da in na ce mata rana ta fito daga yamma sai ta yarda. Ta ci gaba da kai wa jarirai kaza har ƙarshen ranta, ta ci gaba da sa mini albarka, amma ni ban taɓa buɗe baki na ce mata ƙarya na yi ba, ina ta jiran ranar da zan iya har anka aiko ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya yafe mini.

Yanzu in na bi hanyar Sakkwato ina ganin dogayen rumfunan kaji, jikokina kuma suna yi mini tsiya wai Alhaji ba ya cin kaza sai wadda ta yi yawo. Ban ce kiwon zamani haramun ne ba, mutane sun yi yawa kuma dole a ci. Amma ku masu yi, don Allah ku ba su fili, ku ba su inuwa da ƙasar da za su tona. In kun ga suna saran juna, wurin ne ya yi musu kaɗan, ba bakin ne ya yi musu yawa ba. Ku masu saye ku tambayi yadda anka kiwata abin da za ku ci. Ku kuma 'yan boko irina, in tsohuwa ta ba ku amana da sharaɗi, kada ku yi dariya a lori, kuma in kun ɓata ku faɗa mata tun tana da rai. Ƙoƙon nan yana nan a ɗakina, ya tsage an ɗinke. Har yau in na je kasuwa sayen kaza, kafin in taya, bakinta nake fara dubawa.