Saniyar da Aka Sare a Bakin Rafi

Lokacin da aka tura ni koyarwa wata firamare a Adogi, akwai wani dattijon Bafulatani da rugarsa ke bayan makarantar. Baffa nake ce masa. Ba mai yawo ba ne. A nan ya aurar da 'ya'yansa, yana noman doya da dawa kamar kowa, yana kuma jin yaren mutanen gari.

Wata Laraba da hantsi ya zo ya tsaya a ƙofar ajina, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce samari uku sun tare shi a bakin rafi yana shayar da shanu, suka sare wa saniyarsa jijiyar ƙafa da adda. An gama girbi, balle a ce gona ta shiga. Suna sara suna ce masa irinsu ba su da ƙasa a nan, ya tattara ya bar musu gari. Dole ya yanka ta, ga ta da ciki.

"Malam, raka ni garin Lafiya," in ji shi. "Kai ka iya Turanci."

Muka hau acaba zuwa caji ofis. Sajan ɗin da muka tarar a kanta bai wulaƙanta mu ba. Ya ba mu benci, ya saurara, ya rubuta, sannan ya karanto, ni kuma ina fassara wa Baffa: ɓarnar dukiya, saniya ɗaya.

Baffa ya jira. Da ya ga an rufe littafi ya ce, "Yallaɓai, maganar da suka faɗa fa?"

"Sun buge ka, Baba?" in ji sajan da gurguwar Hausarsa.

"A'a."

"To, saniya ne laifi. Magana ba shi da jini, ba zan iya nuna wa alƙali ba." Ya rage murya. "In na rubuta ƙabila, gobe gari ya kama wuta, ni za a tambaya."

Na so in yi gardama, amma ban san sunan da zan kira abin da shi ba. Na ce wa Baffa ya sa hannu. Ya dangwala yatsa.

An kama samarin, suka kwana biyu. Iyayensu suka roƙa a mai da maganar gida, aka zauna gaban mai unguwa, aka ba Baffa karsana, samarin suka durƙusa suka ba da haƙuri a kan saniya. Kowa ya ce an yi adalci. Har da ni na faɗa, da bakina.

Daga nan Baffa ya daina zuwa kasuwa, ya koma kai shanunsa wani rafi mai nisa. Da na je gaishe shi na ce ai yaran ba za su sake ba.

"Ba yaran ba ne, Malam," ya ce. "Iyayensu na zaune a wurin. Tare muka tsufa. Ba wanda ya ce da ni, abin da yaran nan suka faɗa ba haka ba ne."

Kafin ruwan farko Baffa da iyalinsa suka tashi. Wasu sun ce Ashige suka nufa, wasu sun ce sun wuce gaba. Bai yi mini sallama ba, ban kuma ga laifinsa ba. Da damina ta kankama, wani ya nome wurin rugar ya shuka rogo.