Yadda Muka Kai Karen Surukina Faransa

Shekarar da na raka surukina Faransa, tutar ƙasarmu ba ta daɗe da hawa sandar da ke gaban biron kumandan, wato ofishinsa, ba. Ina koyarwa a lekol ɗin Dakoro, yara da manya na ce mini mushe kamar kowane malamin lekol, aurena kuwa bai tsufa ba. Tsakanina da mahaifin matata sai gaisuwa. In na hango shi tafe nakan cire takalmi in durƙusa gefen hanya, ko da yake ba ganina yake yi ba. Tsohon soja ne, ya yi wa Turawa yaƙi ya dawo da muƙamin kafaran, daga baya yanar ido ta rufe masa gani.

Kare ne yake yi masa jagora. Wani Buzu abokinsa daga wajen Tagris ya kawo masa shi tun yana kwikwiyo, irin karnukan arewa masu dogayen ƙafafu, da ciki a lafe kamar bai taɓa ƙoshi ba. Da igiyar fata yake riƙe shi. Kare ya san hanyar kasuwa, ya san ta masallaci, ya san kuma iyakarsa gindin aduwar da ke nesa da ƙofa, can yake kwanciya har a sallame. Tsohon ba ya kiransa da komai sai sarjan. Ya ce a soja wanda ke gaba shi ne babba, don haka dole karen ya fi shi muƙami.

Babban wan matata shi ma soja ya yi. Da aka sallame shi bai dawo gida ba, ya zauna a Marsay, wani birni na bakin teku, yana aiki a tashar jiragen ruwa, har ya auri Baturiya. Shi ya aiko cewa likitocin can sun iya cire yanar ido, a kawo masa mahaifinsa ya zauna wurinsa, ya kuma biya jirgin mutum biyu. Inna, surukata, ta ce ita ƙafarta ba ta rabuwa da ƙasa. Matata na goyo. Ni nake jin Faransanci, ga shi an kusa bakansi, babban hutun lekol, sai abin ya faɗo kaina.

Tsohon ya sa aka kira ni zaure. Na durƙusa bakin ƙofa.

"Mushe, an ce kai za ka raka ni."

"Haka aka ce, Baba."

"To, mu ukku ne."

Na ɗauka Inna ce ta sake shawara. Sai na ga ya miƙa ƙafa ya taɓa karen da ke kwance gabansa.

"In sarjan bai tahi ba, ku mai da musu takardunsu. Wanda ya ja ni shekara da shekaru ba ni barin shi ƙofar gida yana jirana."

Ban san wanda ya taɓa sa kare a jirgi ba, ban ma san wanda zan tambaya ba. Na je wurin likitan dabbobi na garinmu, wani mutumin Damagaram mai fara'a. Da ya ji buƙatata ya yi dariya har ya dafa tebur, sannan ya share ido ya ce ana yi, ya ga Turawa sun yi. Kare yana buƙatar allurar haukan kare tun da sauran lokaci, da takardar lafiya mai hatimi, da akwatin da zai iya miƙewa tsaye a ciki ya juya. Maganin shanu kaɗai yake da shi, amma ya aika Maraɗi, motar wasiƙu ta kawo allurar cikin ƙanƙara. Ranar da za a yi, kare na ganin likita ya fara gurnani. Tsohon ya riƙe masa kai ya ce da muryar bariki, "Gardabu." Kare ya ƙame kamar gunki har aka zare allura.

Akwati ne ya ba mu wahala. Kafintan da muke da shi ƙyaure ya saba yi da akwatin amare. Kare bai yarda ya matso shi da igiyar awo ba, sai tsohon ne ya auna da taƙi yana faɗa masa. Na yi masa bayanin tagogi, na ce a rufe su da wayar rariya, maƙeri kuma ya kafa kwanon ruwa daga ciki. Abin da ban faɗa ba shi ne kada a yi ado. Da aka kawo akwati a amalanke, sai ga shi kore shar, an zana masa jajayen furanni kowane gefe, har da ɗan madubi a murfi. Matata ta ce nata na aure bai kai shi kyau ba.

Kare kuwa ya ƙi shiga. Muka jefa tsoka ciki, ya miƙa dogon wuyansa ya ɗauke ya ja baya. Tsohon ya ba da umurni da Faransanci, ya ba da da Hausa, sarjan ya kau da kai. Inna, wadda kullum take korar shi daga wajen tukwanenta da muciya, ita ta tsaya ta dube mu ta ce, "Ku duka ba ku da hanci. Ba akwatin yake gudu ba, warin fenti ne." Ta sa aka bar shi a rana, ta turara shi da itacen ƙamshi kamar ɗakin mai jego, ta ɗauko tsohuwar rigar sanyin soja ta mijinta ta shimfiɗa a ciki. Washegari da hantsi muka tarar da kare ya miƙe a kan rigar yana barci.

Kafin ranar tafiya labari ya gama gari. A rumfunan kasuwa ana musu, wasu na cewa Turawa ba za su yarda ba, wasu na cewa ai su kare ya fi musu maƙwabci. Sarkin fawa ya aiko da kilishi, ya ce rabi na tsoho, rabi na sarjan. Liman ya yi mana addu'a a ƙofar gida, da ya shafa sai ya leƙa akwatin ya ce, "Kai ma Allah ya kai ka lahiya."

Kamiyon da muka samu, wato babbar motar kaya, wake ya ɗauko zuwa Maraɗi. Direba ya ba mu gidan gaba don girmamawa, amma ya ce kare sai baya. Tsohon ya ce inda kare yake can yake. Ni kuwa ba zan zauna kan kujera surukina na kan buhu ba. Haka muka hau baya mu duka, gidan gaba ya tafi babu kowa sai direba.

Damina ta sauka, hanya ta jiƙe. Bayan mun wuce Kornaka mota ta kafe a wani kwari, aka sauka ana tono ana saran rassa. Muka zauna gindin wani gawo, gero ya yi kore ko'ina. Tsohon ya kwance ƙunshin da Inna ta yi mana, dambu da kaza. Tun safe ban sa komai a bakina ba, don a garinmu mutum ba ya ci gaban surukinsa. Na ce na ƙoshi.

"Mushe," in ji shi, "tun kafin Kornaka nake jin cikinka yana kuka, har ya fi injin. Ni ba ganinka nake ba. Ka ci yanzu tun da sauran dama, in an buɗe mini ido ka komo da kunyarka."

Na sa hannu. Ban taɓa cin kaza mai daɗin wannan ba. Daga nan bakinsa ya buɗe, ya ba ni labarin jirgin ruwan da ya kai su yaƙi, da ranar da ya fara ganin dusar ƙanƙara na zuba daga sama ya ɗauka auduga ce. Har aka fitar da mota bai gama ba.

A Maraɗi mun sauka gidan wani Alhaji abokinsa, mai fataucin hatsi zuwa Katsina. Alhaji ya karɓe mu hannu bibbiyu, karen kuwa ya sa aka kai shi can wajen sito. Ofishin jirgi sun ce mu zo da nauyin kare da akwatinsa, sai muka ɗora su kan sikelin gyaɗa, leburori suka kewaye suna dariya, ɗaya na tambaya ko wannan ma za a kai Turai a matse mai.

Ƙaramin jirgi ne ya kai mu Yamai. Akwatin na bayan kujerunmu tsakanin jakunkunan wasiƙu, tsohon ya zura yatsu ta taga, kare na lasa. Da jirgi ya ɗaga ban san lokacin da na damƙi gwiwar surukina ba. Sai ya ce, "Riƙe da kyau."

A Yamai ne aka ce mana a babban jirgi kare ba ya zama da mutane, yana da wurinsa a ƙasa tare da kaya. Tsohon ya tsaya cak. Ya ce bai ƙi ba, amma sai ya san inda za a sa shi. Ma'aikacin da ke duba takardu ya ce ba a yi. Muna cikin haka wani Bature mai kula da lodin jirgin ya zo wucewa, ya ga lambobin yabon da ke ƙirjin babbar rigar tsohon, ya tsaya ya sara masa. Na yi masa bayani. Shi da kansa ya kama hannun tsohon har cikin fili, ya kai shi bakin ƙofar kayan, ya sa ya shafa ƙasan wurin da igiyoyin da za a ɗaure akwatin. Tsohon ya tambaya ko sanyi na shiga, aka ce masa akwai ɗumi. Ya sunkuya wajen tagar rariya ya ce a hankali, "Kushe, sarjan, kwanta. Ina nan bisa kanka."

Tafiyar ta yi tsawo. Jim kaɗan sai ya taɓa ni ya ce ko na ji haushi. Ba abin da nake ji sai rugugin inji, amma sai in ce kamar na ji. Da muka zo kan teku na leƙa na rasa abin da zan kwatanta masa da shi, na ce kamar an shanya baƙin yadin Buzaye daga nan har ƙarshen duniya. Ya ce haka ne, ya san shi.

Ɗansa na jiranmu da matarsa da ƴaƴansu biyu mata. Ya rungume uban yana kuka, uban na shafa masa fuska yana cewa ya yi ƙiba. Sai ga mutum biyu sun ɗauko koren akwatinmu, duk wanda ke wurin ya juyo yana kallon furanni. Ba motsi a ciki. Likitan dabbobin wurin ya duba takardu ya buga hatimi, na zare sakata. Kare ya fito yana tangaɗi, ya yi miƙa, ya nufi wani ginshiƙi ya ɗaga ƙafa ya daɗe yana sauke abin da ya riƙe tun Yamai. Sannan ya yi tsalle ɗaya ya ɗora ƙafafunsa kan kafaɗun tsohon, har hularsa ta faɗi. Ƴan matan nan biyu suka ɗauki hular suna ta ƙyalƙyala dariya.

An yi aikin, ido ɗaya ya buɗe sarai, ɗayan ya ƙi. Ranar da aka kwance masa bandeji ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan jikokin, sannan ya juyo kaina.

"Ashe gajere ne kai, mushe. Muryarka ta dogo ce."

Ba a shiga da kare asibiti, sai muka kawo shi ƙarƙashin taga. Tsohon ya leƙa.

"Wannan ne sarjan? Duk shekarun nan ba ku ba shi abinci?"

Na komo gida kafin a buɗe lekol. Tsohon ya zauna can har sanyi ya zagayo sau biyu, sannan ya ce ya gaji da burodi. Ya dawo shi kaɗai. Jikokin sun ƙi sakin karen, uwarsu ma ta saƙa masa rigar ulu, a kan gadon ƙaramar yake kwana. Tsohon ya ce kowane soja yana da ranar hutu, kuma bai ga dalilin sake sa shi a akwati ba.

Ranar da ya iso Dakoro ta zo daidai da kasuwa. Ko hutawa bai yi ba ya fita, ba sanda ba jagora, ya bi rumfa rumfa. Duk wanda ya gaishe shi sai ya rufe ido ya gane muryar, sannan ya buɗe ya dube shi da kyau ya ce masa ya tsufa. Da la'asar ya shigo gidanmu, ya ɗauki ɗana ya kai shi haske, ya jujjuya fuskarsa, ya ce alhamdu lillahi, uwar ya biyo.