Geron Gidanmu a Gonar Waliyyi

Ba a daɗe da shigar Nasara Damagaram ba wani malami ya sauka ƙauyenmu, kusa da Guna. Ni lokacin bazawara ce, ina zaune gidan yayana. Abin da na fara lura da shi a jikin malamin hannunsa ne, lumus, bai taɓa sanin hauya ba. Ya ce shi ɗan aiken Mahadi ne, kafin kaka Mahadi zai bayyana ya kori Nasara, kuma duk wanda ya yi shuka bana ya yi shakkar alkawarin Allah.

A gidanmu tun kakanni iri ba abinci ba ne. Zangarniyar da ta fi kyau ake warewa a rataye cikin rumbu, ko yunwa ta kai mutum ga cin tafasa ba ya taɓa ta. Geronmu kuma sananne ne, mai gashi, tsuntsu ba ya iya masa.

Yayana ya kwance irin nan kaf zai kai wa malam sadaka. Na tare shi a bakin ƙofa.

"Yaya, ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. In Mahadin ya makara, me yara za su ci?"

"Ke dai bakinki ya fi ki," in ji shi. "Waliyyi ya yi magana, ke wace ce?"

Ruwa ya yi kyau a shekarar, abin haushi. Gonarmu ta cika da ciyawa, malam kuwa ya tafi halwa Gidimuni. Kafin damina ta ƙare rumbu ya koma ɗakin ɓeraye. Autar yayana, wadda ni na goya tun rasuwar uwarta, gashinta ya yi ja, cikinta ya kumbura, har kuka ta daina.

Na ɗaura ta a baya, na tasa yayana gaba muka nufi Gidimuni roƙo. Kusa da tabki muka tarar da gona iyakar ganin ido, mabiyan malam suna yankan gero, wasu na ɗora wa raƙuma dammuna za a kai barikin Zinder, abincin dawakin kumandan Nasara. Na dubi zangarniya ɗaya, gashinta ya ishe ni shaida.

A ƙofar malam na kwance goyo na ji ta yi sanyi. Ya fito, ya shafa kanta da hannun nan nasa, ya ce ta riga mu shiga aljanna. Ya sa aka ba mu dami ɗaya. Yayana ya durƙusa ya yi godiya. Ban taɓa tsanar ɗan'uwana ba sai ranar.

Nan muka binne ta. A hanyar komawa yana ɗauke da damin a ka, ya juyo ya dube ni.

"Kin ga albarka ko? Geron nan bai taɓa yin kyau haka a gonarmu ba."