Ƙuri'ar da Na Lashe a Kurayyat

Shekarun baya, da na zo Jidda aikin kwangila, ban san kowa ba sai wani abokin aikina, haifaffen nan, jikan alhazan Kano. Shi ya ja ni gidansa a unguwar Kurayyat. Duk Juma'a bayan la'asar mu shida muke zama wasan nan na tebur: ɗaya yana ba da labari, sauran kowa da jaruminsa a takarda, a jefa dayis irin na ludo a ga yadda za ta kaya. Wannan zaman shi ne dangina a garin.

Littafin dokokinsu tsohon bugu ne, ya sha jiki, abokina ya cika gefen shafukan da fassarar Larabci da fensir. Ni kuwa sarkin iyayi, na ga a intanet ana ta yabon sabon bugu, na sayo. Na dire shi a tsakiyar tebur, na ce mai son mu koma sabo ya ɗaga hannu.

Duk su biyar suka ɗaga. Abokina ya ce, "Halas, yadda ka ce, ya akhi." Har na je ina baza wa 'yan uwana a waya cewa tsohon bugu ya mutu a Jidda.

To, shi sabon littafin, Turanci ne zalla, ni kaɗai ke karanta shi da sauri. Wasa ya koma lacca, ina fassara suna hamma. Mako na uku ɗaya ya ce kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya tura shi can Abhur, bakin teku. Na huɗu wani ya ce yana fama da sabunta iƙama, takardar izinin zama. Daga nan abokina ya ce a ɗan huta tukuna. Juma'a uku ina ɗaki ni kaɗai, wallahi kaɗaicin ya ci ni.

Wata Asabar na biya in gaida mahaifiyar abokin nawa, sai na ga takalma jibge a ƙofa. Su biyar ɗin ne, tsohon littafi a buɗe. Kunya ta kama su, ta fi kama ni.

Na ce, "Ba ku kuka ɗaga hannu ba?"

Abokina ya ce, "Haba, ya akhi! Kai baƙonmu ne, ka ɗauko abu da ɗokinka, ka tambaye mu kana kallon idonmu. Wa zai bar hannunsa a ƙasa?"

Ashe kararsu na ƙirga, na ɗauka ra'ayinsu ne. Tun daga ranar, in ina son sanin abin da mutane ke so, nakan duba inda suke zuwa in ba na nan.

Amma abin da har yau yake taɓa ni, da na zauna sai na ga takardar jarumina a tebur. Ba su kashe shi a labarin ba. Duk mako sai ɗaya ya karɓa ya jefa masa dayis, wai kafin in dawo.