Ƙaho a Bakin Ƙofar Ɗakin Sanyi

Har gobe ban manta da ranar da na rufe kaina da Baba Tunau a cikin ɗakin sanyi ba, kuma da gangan na yi. Ku da kuka kama aiki daga baya kun tarar da ɗakin kamar tare aka gina shi da kamfanin, shi ya sa nake so ku ji yadda muka karɓe shi.

A lokacin ni ne mai kula da sito a kamfaninmu na nama da ke bayan Ƙofar Kware. Tsarinmu na da irin na kowane mahauci ne: a yanka da asuba, a feɗe, malamin dabbobi ya duba ya buga hatimi, kafin la'asar nama ya ƙare. Nama ba ya kwana. Sai masu kamfani suka samo masu saye a Abuja, aka kafa ɗakin da za a riƙa rataye nama har motar sanyi ta zo ta kwasa. Ƙofarsa kauri gare ta kamar katifa, kuma kana sakinta take rufe kanta. Aka ɗauki mai gyaran injin sanyi, Nasiru, wani magidanci ɗan Tudun Wada mara hayaniya, aka ce injin amanarsa ce.

Baba Tunau kuwa shi ne shugaban mahautanmu. In bijimi ya tsinke igiya kowa ya haye katanga, shi ke tararsa yana yi mana dariya. Rabin mahautan a hannunsa suka koyi riƙe wuƙa. Don haka shi aka ba aikin shiga ɗakin kullum ya jera nama, ya ware wanda zai fara tafiya. Ranar da masu kafa ɗakin suka zagaya da mu ciki suna bayani, Baba ya ce mura yake yi, ya tsaya a waje. Mutanensa ma suka tsaya tare da shi don girmamawa.

Da bazara ta kama, sai matsala ta ɓullo. Kullum da tsakar rana ma'aunin da ke jikin bango ya nuna ɗakin ya ɗumama. Nasiru ya kwance, ya ɗaura, ya ƙara gas, ya wanke injin kamar jariri, duk a banza. Ana nan masu saye suka dawo da wani kaya, suka ce nama ya sauya launi. Manaja ya kira Nasiru a gabana.

"In ba ka iyawa ka hwaɗi," in ji shi. "Litinin wani na tahowa daga Kano shi karɓi injin."

Ranar na ga Nasiru zaune a gindin dogon yaro, kwanon abinci a gabansa ya kasa ci. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar Alhamis, bayan sallar azahar kowa ya wuce wurin mai tuwo, ni kuma na dawo ɗaukar wayata. Sai na hango ƙofar ɗakin sanyi a buɗe, an tokare ta da ƙahon sa, sanyi yana ta kwararowa cikin zafin Sakkwato. Daga ciki muryar Baba ce ke tashi, yana jero duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Ashe lokacin da ba kowa yake zaɓa ya yi aikinsa, kuma aikin ba na minti biyu ba ne.

Mai hankali da ya yi gyaran murya ya koma. Ni kun san halina. Na yi sallama, na shiga, na sa ƙafa na shure ƙahon. Ƙofa ta ce ɗif.

"Innalillahi! Bello, mi kay yi?"

"Tuntuɓe niy yi, Baba."

Ya ruga ya dinga dukan ƙofa yana kiran sunayen mahauta ɗaya bayan ɗaya. Da ya ga ba mai ji, sai ya juyo ya kama hannuna.

"Ka hwaɗa ma uwargida ta yahe mini. Wuƙaƙena a ba ƙanena Isa, ban da babbar."

"Baba, ni ma fa ciki nike."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai dai ko wurin mutuwa ba ka da amfani."

Dariya ta taso mini, amma sai na gane tsoron nasa na gaske ne, ba wasa yake yi ba. Nan take dariyar ta koma. Na ja shi bakin ƙofa na nuna masa wani koren maɓalli da aka yi don wanda ƙofa ta rufe da shi. Na ce ya danna da kansa. Ya danna, ƙofa ta buɗe. Ya sake ta ta rufe, ya ƙara dannawa. Sai da ya gwada har ya gamsu sannan muka fito.

Muna zaune a rana ya faɗa mini cewa tun ranar da ya je karɓo gawar yayansa a asibiti aka jawo ta daga cikin sanyi, ba ya ƙaunar irin wannan wuri.

"Wanga zance shi tsaya tsakaninmu," in ji shi.

"Ba ni hwaɗa ma kowa, Baba. Amma ka duba. Yanzu ka daina sa ƙaho, sanyi shi daidaita. Ɗan Kano shi zo a ce shi yag gyara. Nasiru kuwa shi tahi gida da sunan wanda bai iya aiki ba."

Ya tashi ya karkaɗe riga. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce, Baba yana ganina yana sauya hanya. Na yi da-na-sanin alkawarin da na yi masa.

Litinin da safe Manaja ya tara mu kamar yadda ya saba a farkon mako. Baƙon Kano na gefensa, Nasiru kuma ya riga ya zuba kayan aikinsa a jaka. Manaja na buɗe baki, Baba ya ratso mutane ya ajiye ƙahon a kan tebur.

"Ranka shi daɗe, ga abin da yal lalata maka nama. Ni ka tokare ƙohwa da shi kullum, don tsoro nika ji ta ruhe da ni. Ban san ana buɗe ta daga ciki ba. Nasiru ba shi da laihi. In kora ta, ni za a kora."

"Tsoro?" in ji Manaja. "Kai, Tunau?"

"Ni."

Manaja ya dubi ƙahon. Sannan ya ce wa Nasiru ya mayar da kayansa, ya kuma ce wa Baba ya same shi a ofis, inda daga baya Baba ya sha gargaɗi mai zafi. Ni dai jira nake in ji wa zai fara yi wa tsoho dariya in ci mutuncinsa. Ba wanda ya yi. Can sai Garba, ƙaton da ke saɓa cinyar sa shi kaɗai, ya ɗaga hannu a hankali.

"Baba," ya ce da ƙaramar murya, "da gaske tana buɗewa daga ciki?"

Kafin a watse mahauta sun yi layi a bakin ɗakin, Nasiru na rufe su ɗaya bayan ɗaya suna danna maɓalli, Baba na tsaye yana yi musu tsawa su daina ɓata lokaci.

Abin da na koya shi ne, mutanen wannan sana'a za su nuna maka kowane tabo da ke jikinsu, amma ba za su ce maka suna jin tsoro ba, kuma tsoron da babba ya ɓoye a kan wani yake faɗawa. Na ga Baba ya tari bijimai da yawa, amma ban taɓa ganin jarumtarsa kamar safiyar nan ba. Shi ya sa duk wanda ya kama aiki a nan, kafin in nuna masa komai, sai na shiga ɗakin tare da shi, na rufe ƙofa, na jira ya buɗe mana da hannunsa.