Waƙa Ɗaya, Murya Goma Sha Huɗu

"Guda ɗaya fa na ce, Gwaggo. Kowace waƙa, murya ɗaya."

"To ka zaɓa mana, ɗan nan, tunda kai ne mai kujera."

"Ni? Ranar da na taɓa miki kantar faifai, sati guda kika yi ba ki amsa gaisuwata ba."

Elvedin ke nan, sabon shugaban gidan rediyon garinmu, yana lallashin Gwaggo Munevera, wadda ta shekara talatin da takwas riƙe da makullin ɗakin faifai, kuma Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Ba mugunta ce ta kawo shi ba. Ƙarshen wata za a mayar da ginin ga masu shi, injin da ke juya tsofaffin faifan zare ya kusa cikawa, kuma sai an saurari kowane faifai daga farko har ƙarshe kafin ya shiga kwamfuta. Abin da bai shiga ba, sito za a kai shi can bakin kogi, inda danshi zai cinye shi. Waƙa ɗari bakwai ta tace masa ba gardama. Ɗaya ta rage, waƙar ƙofar lambu, wadda take da ita a murya goma sha huɗu.

Babu ɗan Bosniya na wajenmu da bai san ta ba. Saurayi ya zo wucewa, ya tarar an bar masa ƙofar lambu a buɗe, ya tsaya, ya kasa shiga. Labarin ke nan. Amma a bakin tsohon nan mai kaɗa saz, molon wajenmu, nadama ce ta shekara hamsin. A bakin matar nan mai akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, sai ka rantse yarinyar ce ke bayan ƙofar tana riƙe numfashi. Masu kakakin biki sun mayar da ita ta rawa. Samarin shekarun tamanin sun zuba mata jita mai lantarki har iyaye suka riƙa toshe kunne.

Ƙarfe shida da rabi Gwaggo take isowa. Ta ɗora gahawa a 'yar tukunyarta ta tagulla, ta goge kan injin da auduga, sannan ta buɗe tagar da mutane ke miƙo takardun shirin gaishe-gaishe na ranar Lahadi. Ba a taɓa jin muryarta a rediyo ba, ba a taɓa karanta sunanta ba. Aikinta tambaya ɗaya ce. In ka rubuta sunan waƙa, sai ta dube ka ta saman tabarau ta ce, "A bakin wa?" In ka ce ai duk ɗaya ne, sai ta mayar maka da takardarka, ta ce ka je ka yi tunani.

Slavko, mai kula da injuna, abokin aikinta kuma abokin faɗanta, shi ya ba da labarin matar da ta bugo waya daga Suwidin. Mahaifinta ya tsufa, ya manta sunan 'ya'yansa, ya daina magana, tana so a sa masa waƙar ko zai motsa. An gwada masa ta can, ko ɗaga kai bai yi ba. Gwaggo ta tambayi shekarar haihuwarsa, da ƙetaren kogin da ya tashi, da inda ya yi aikin soja. Ta miƙe, ta ɗauko faifai na shida, na wani mawaƙi mai shaƙaƙƙiyar murya da aka yi yayinsa shekara biyu kacal. Ta kara wayar a jikin injin. Slavko ya ce da kunnensa ya ji tsohon ya kama baiti na biyu, ya bi shi har ƙarshe, bai tsallake kalma ba.

A shekarun yaƙi kuwa, maƙwabta sun gan ta tana tura keken jarirai a kan gada, an lulluɓe shi da bargo. Sawu goma sha ɗaya ta yi. Faifai ne a ciki.

Da labarin zaɓen ya fita, gari ya rabu. A gidan burodi mata suka tsaya kan mai akodiyon. Direbobin tasi suka ce masu kakaki ko ba komai. Wani liman da wani malamin lissafi suka yi kwana uku ba sa shan gahawa tare. Kowa na da tasa, kowa ya tabbata sauran kunnensu ne ya lalace, kuma sai a lokacin aka farga cewa babu wanda ya san tata.

Gwaggo Munevera, ke ce mai kunnen gari. Ke ce kika san wace murya ce za ta shiga ɗakin mai jego, wace ce za ta zauna da mai takaba ba ta ƙara mata ciwo ba. Ana rubuta littattafai a kan mawaƙa, ana kafa musu gumaka a dandali, amma wa ya taɓa rubuta layi ɗaya a kan hannun da ya haɗa waƙa da mai bukatarta? Shekara talatin da takwas kina ajiye son ranki a bakin ƙofa kamar takalmi, ki shiga ki yi wa wasu zaɓe. Mun gode. Duk wanda aka ba shi taga ya zauna, a asibiti ne ko a tasha, ya koyi irin tambayarki kafin ya miƙa wa mutum abin da ke kusa da hannu.

Ranar Juma'a da hantsi, Gwaggo ta jera akwatunan faifan goma sha huɗu a kan tebur. Elvedin ya kawo burek, gashin fulawa mai nama a ciki, da zafinsa, babu wanda ya taɓa.

"Kar ki wahalar da mu, tsohuwa," in ji Slavko. "Mai saz ne. Sauran duk hayaniya ce."

"Kai da kunnenka na hagu ya mutu tun kafin a haifi yaron nan?"

"Na daman ya ishe ni sanin gaskiya."

Elvedin ya ce, "Gwaggo, yau dai ki faɗa mana. Ke wacce kike so?"

Ta ɗora yatsa a kan akwati na tara. Slavko ya leƙa, ya dafe kai.

"'Yan jita? Ke? Masu gashi kamar tsintsiya?"

"Da ita maigidana Hamdo ya ja ni rawa a zauren ma'aikata, ya taka mini ƙafa sau uku. Allah ya ji ƙansa. Har gobe in na ji ta, sai ƙafar ta motsa."

"Shi ke nan, an gama," in ji Elvedin, ya miƙa hannu.

Ta janye akwatin. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tura shi cikin sauran, ta jawo na ƙarshe, wanda rubutunsa ya koɗe, ta ce su saurara tukuna.

Mai waƙar Bayro ne, wani mai aski, a bikin masaƙar garin, tun tana 'yar makaranta. Muryarsa ba ta da daɗi. Ya fara sama da ƙarfinsa, wani mai akodiyon yana bin sa da ƙyar. A baiti na uku, inda saurayin ke juyawa, muryar ta tsage. Aka ji ya yi 'yar dariyar kunya. Sai wata mata daga baya ta ɗauki baitin, sai wasu, sai zauren gaba ɗaya, mutum ɗari huɗu, masaƙa da direbobi da 'ya'yansu, suka ƙarasa masa. Slavko ya juya fuskarsa bango. Mahaifiyarsa tana cikin zauren nan. Rabin masu muryoyin suna maƙabarta, sauran sun watse a duniya.

Zaren ya ƙare, yana kaɗa jikin injin. Elvedin ya yi gyaran murya.

"Amma Gwaggo, in mutum ya nemi waƙar aka sa masa wannan, ai cewa zai yi mun lalace."

"Ya faɗa. Goma sha ukun nan duniya na da su, ko a wayarka ka duba za ka samu. Tawa ma tana can. Wannan kuwa, in danshi ya ci shi, ya ci mu."

Ta mayar da zaren farko da hannunta, ta cire makullin daga wuya ta ajiye a kan tebur.

"Slavko, share idonka ka kunna kwamfutar. Na Bayro za mu ɗauka."