Gajiyar da Ke Jirana a Tsaye

Shekarun baya can, tun Turawa na mulkin ƙasar nan, ina saurayi a wani ƙauye gefen Tozai, na yi wata masassara a tsakiyar damina wadda ta kwantar da ni sati uku. Masassarar ta tafi, bakina ya buɗe, kumatuna sunka dawo, kowa ya yi mini barka. Ƙarfina ne kawai ya ƙi dawowa.

Kuma abin da ban mamaki yake. In ina kwance ko zaune, lafiyata lau, har in yi ta ba mutane dariya. Amma da na miƙe tsaye, kafin a karanta Fatiha uku, sai zuciyata ta kama bugu kamar kalangu, idona ya yi duhu, ƙafafuna su yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Ga wata gajiya wadda barci bai wanke ta. In yi barcina cikakke, in tashi da safe kamar wanda ya wuni haƙar rijiya.

Mahaifiyata ta ce iska ce ta shafe ni a fadama. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi har tufafina sunka koma warin itace. Mahaifina kuwa sai dai ya dubi akushina da na suɗe tas, ya dube ni, ya kau da kai. Ni ma da ni ne shi, haka za ni yi. Wa ya taɓa ganin majinyaci na neman ƙarin tuwo?

Da ruwa ya ɗauke, mai gari ya aiko cewa kowane gida ya ba da namiji ɗaya don gyaran hanyar mota ta Isa zuwa Sabon Birni, wadda damina ta cinye. A lokacin ba a cewa a'a. Ranar farko anka jera mu cikin rana, muna jiran mai kula da aikin ya rarraba mu. Ko kwando ban taɓa ba. Farkawa kawai na yi na ga fuskoki a kaina, wani na cewa, “Wanga ya fi mu wayo, tun ba a fara ba ya gama.”

Mai kula da aikin ya ce a kai ni gida, a kawo wani. Gidanmu kuwa babu wani namiji sai mahaifina, da furfurarsa da ciwon gwiwarsa. Washegari ina zaune a zaure ya wuce ni da kwando a kai. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ina da wani aboki Bafillatani, wanda shanunsu ke sauka gonarmu bayan kaka. Shi ya zo da jaki ya ce, “Tashi, Kaɗo, mu tafi Isa. An ce akwai malamin asibiti. In mutuwa za ka yi, mu sani, in daina yi maka tanadin nono.”

Malamin asibitin ya kwantar da ni bisa benci, ya riƙe wuyan hannuna yana duban agogo. Ya buɗe idona, ya ce in fito da harshe.

“Samari, ba ka da komai,” ya ce.

Na ce, “Malam, ai a kwance ni ma ban da komai. Taɓa ni ina tsaye.”

Ya yi murmushi irin na mai haƙuri da ɗan ƙauye, amma ya yarda. Na miƙe, ya riƙe hannuna. Can sai murmushin ya ɓace. Ya dubi agogo, ya girgiza shi, ya sake dubawa. Ya kwantar da ni ya auna, ya tsayar da ni ya auna, har sau uku.

“Ikon Allah,” ya ce. “A kwance zuciyarka tafiyar raƙumi take yi, a tsaye kuma sukuwar doki. Wanga babu shi a littafin da anka koya mini.”

Ya ba ni wani ruwan magani mai ɗaci wanda bai yi mini komai ba. Amma na fito da abin da ya fi magani: wani mutum ya ji bugun nan da yatsunsa. Ashe ba ragwanci ba ne. Daga nan tsoro ya ragu, son sani ya shige ni. In abin yana da lokacin zuwa, to yana da hali, kuma mai hali ana iya koyon zama da shi.

A hanyar komawa sai da munka ƙetare gulbi, wanda bai gama janyewa ba. Na sauka daga jaki na shiga da ƙafa, ruwa ya kai mini ƙirji. A tsakiyar gulbin na tsaya cak. Kaina ya washe. Ina tsaye bisa ƙafafuna, amma zuciyata kwance take.

Abokina ya yi kira daga gaɓa, “Mi kake jira? Kada?”

“Tsaya tukuna! A nan lafiyata lau!”

“To sai mu gina maka ɗaki nan, mu aura maka kifi.”

Na fito, na tsaya a tudu, bugun ya dawo. Na koma cikin ruwa, ya lafa. Sau huɗu ina yi, jaki na kallona. Abokina ya daina dariya, ya tsuguna yana tsinkar ciyawa. Ya ce, “Ko sanyi ne, ko kuwa matsar da ruwa ke yi maka. Mu in za mu yi doguwar tafiya da shanu, ciki muke ɗaurewa tamau. Gwada.” Ya kwance rawaninsa ya naɗe mini ciki da shi. Bai kai gulbi ba, amma na ji bambanci.

Daga ranar na zama mai binciken kaina. Na yaga tsohon zanen mahaifiyata na naɗe ƙafafuna tun daga idon sawu har gwiwa. Na lura in na cika ciki da tuwo, gajiyar ta fi danne ni, sai na koma ci kaɗan-kaɗan. Na lura in na sha ruwa ƙwarya guda kafin in tashi daga shimfiɗa, safiyar ta fi sauƙi. Abokina ya ce saniya in ta yi laƙwas gishiri suke ba ta, ya kawo mini guntun kantun gishiri daga kasuwar Sabon Birni, ina ɗan saka shi a ruwan sha. Wannan ya karɓe ni. Da na ga haka sai na yi zari, na ce bari in ƙara da kanwa. Kwana biyu na yi ina zarya bayan gari.

Wata rana mahaifiyata ta same ni kwance a tsakar gida, ƙafafuna a jingine da bangon rumbu. Ta saki ƙwaryar hannunta.

“Wayyo ni! Yanzu kuma ta kai ga haka?”

“Inna, magani nake yi.”

“Maganin da ake yi kai ƙasa ƙafa sama? Allah ya shirya.”

Bayan sati uku na koma wurin aikin hanya da asuba, cikina a ɗaure, gorar ruwa a kafaɗa. Na durƙusa gaban mai kula da aikin na ce, “Ranka ya daɗe, tsayuwa ce ba ni iyawa. Ba ni aikin zaune, ka sallami tsohona.” Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini tulin marmara da guduma. Na zauna na yi ta fasa. In na ji abin na tasowa, in kishingiɗa kaɗan, in sha ruwa, in ci gaba. Da la'asar tulina bai fi na kowa ba, amma bai kasa ba.

Mahaifina ya koma gida a ranar. Kwana huɗu sunka wuce. A na biyar ya miƙo mini wata 'yar kujera da ya sassaƙa da kansa, ya ɗaura mata igiya don rataya. Da na fita da ita samari sunka ce ga mai kujerar mata. Yana zaune a ƙofar gida ya ɗaga murya ya ce, “Ni na sassaƙa ta. Mai magana ya zo gare ni.” Ba wanda ya zo.

Abin bai rabu da ni gaba ɗaya ba. Ya yi sauƙi a hankali, cikin shekaru, kuma har yau zafin bazara na tuna mini da shi. Sai da na tsufa jikata mai aikin jinya ta bayyana mini cewa akwai jijiyoyin da ke tafiyar da bugun zuciya da gudun jini ba da umurnin mutum ba, nawa ne sunka rikice bayan masassarar. Ta kuma hana ni gishirin, wai yanzu jinina ya hau. Na yi ta yi mata tambayoyi har ta ce, “Kaka, ka bar ni in ci abinci.”

Abin da ya zauna mini shi ne, gajiya ba iri ɗaya ba ce, kuma ba kowace ake gani a fuska ba. Shi ya sa in mutum ya ce mini ya gaji, ba ni ce mishi ya daure. Tabarma nake jawo mishi, in ce, “Zauna. Gaya mini, wace iri ce taka?”